Waken da Na Auna wa Magani da Hancina

Ranar sunan 'yar Sani ina kwance a ɗaki, kuna tsakar gida kuna tsammanin barci nake, na ji Ladi tana ba matan ƙannenta labari. Ta ce da Baba bai hana Inna sana'ar turare ba, da yanzu muna da shago a Bonapriso, unguwar masu kuɗin Duwala. Wata ta ce ai mazan da haka suke, ba sa son ganin mace da abin hannunta. Kuka yi dariya, kuka wuce wata hirar. Ni kuwa na juya fuskata bango raina a ɓace, kuma da kaina ya ɓaci, ba da ku ba. Mutumin nan ya shekara da yawa a kabarinsa, har yau yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, ni ce kuma na bar shi da kayan. Babanku bai taɓa hana ni turare ba. Ku karanta wannan a hankali, musamman ke Ladi, tunda bakinki ya fi na kowa sauri.

Kun san ni tsohuwa mai faɗa, amma ba ku san ni da hanci ba. Mahaifiyata ta koyi haɗa turare wajen wata Babarbariya da suka zauna gida ɗaya, ni kuma na buɗi ido na gan ni cikin hayaƙinsa. Ba mu da ma'auni, ba mu da littafi. Humra ce, turaren wuta ne, na tsuguno ne, duk da hanci ake auna su: ki zuba, ki gauraya, ki kai fuska, hancin ya ce ƙara ko ya ce ya isa. Mahaifiyata takan ce nawa ya fi nata, ban kuma taɓa yi mata gardama ba, don ni ba na jin kunyar yabon kaina a kan abin da na iya. Ina wanki na ba ƙofa baya, sai in faɗi wanda ya shigo gida a cikinku. Da mahaifiyata ta rasu ta bar mini tukunyarta ta jan ƙarfe, wadda ake tatsar mai daga ganye da ita. A zuba ganyen da ruwa, a kafa ƙaramin kwano a tsakiya, a kife murfin a birkice a zuba masa ruwan sanyi, tururi ya taru ya riƙa ɗiga cikin kwanon, man yana yawo a samansa ido-ido.

Unguwarmu New Bell ta wancan lokacin duk ƙamshi da wari ce a wurina, layi bayan layi. Da safe hayaƙin masu soya makala, fanken mutanen Duwala, da hantsi kifin banda da manja, da yamma tsire a bakin titi, ƙarƙashinsu duka kuma warin kwata da jiƙaƙƙen katakon gidajenmu da ba ya taɓa bushewa. In iska ta juyo daga kogin Wuri takan kawo gishiri da koko daga tashar jiragen ruwa, sai in tuna babanku yana can cikin sito yana duba kayan da aka sauke. Ruwan sama kuwa tun yana hayin kogi nake jin sa. In kwashe shanya rana na haske, maƙwabta suna mini dariya, kafin su gama dariyar nasu kayan sun jiƙe. Har yanzu in na kishingiɗa bayan azahar barci ya ɗan ɗauke ni, unguwar nan nake komawa, ina tafiya ido rufe ina sanin kowace kwana.

Sai shekarun wahala suka shigo. Ba rana ɗaya suka zo ba. Aka fara jin an rage albashi, aka ji wane ya dawo gida, masu ofis na Bonanjo da ke zuwa da mota sayen humra suka koma zuwa a ƙasa, daga baya suka daina zuwa. Wata Talata da rana tsaka na ji ƙamshin sabulun babanku a soro, lokacin da bai saba dawowa ba.

"Lafiya, Malam?"

"C'est la crise, Rakiya. An rage mu. Ba ni ruwa in sha."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zauna zaman makoki ba. Abin da aka sallame shi da shi ya ɗauka ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, ya wuce Garwa, ya dawo da farin wake har ya cika ɗakin baya zuwa rufi. Niyyarsa ya riƙa sayar wa matan da ke dafa koki, alalen mutanen gari, da masu wake da makala, don ko wace wahala ake, mutumin Duwala ba ya barin wake. Dabarar mai kyau ce. Sai dai bai yi wata da dawowa ba 'yan adawa suka kira yajin aiki, gari ya rufe. Kasuwa ba ta ci sai Asabar da Lahadi, sauran kwanaki ko mai pus-pus, kurar dako, ba ya fitowa da kaya, jirgin arewa ma ba a san ranar zuwansa ba. Waken da aka kawo don sayarwa ya zama shi ne abincinmu, mu da Iya kakarku, da duk wanda ya turo kwano daga gidajen layinmu. Ladi tana da shekara tara, Sani yana goye.

Damina ta sauka sosai, irin ta Duwala wadda sai a kwana bakwai ba a ga rana ba. Wata safiya na shiga ɗakin baya ɗebo na dafuwa, na tsaya a bakin ƙofa. Akwai wani wari a ƙarƙashin ƙamshin wake, mai ɗumi, kamar na tsohon akwati. Na cusa hannu cikin buhu na ji zafi. Na ɗebo na duba, ga ƙananan huji zagaye-zagaye, ga fararen ɗige a jikin ƙwayar, ga ƙwaron kansa yana tafiya a tafin hannuna ba ya ko sauri. Buhu uku kawai ya kama, amma duk wanda ya san ƙwaron wake ya san kafin wata biyu sai dai a share gari a ƙasa.

Hodar maganin hatsi da ta rage wa babanku gwangwani ɗaya ce, ba za ta kai ko kwatan ɗakin ba. Ya zaga duk inda ya sani ran Asabar, babu. A ranar ne wani mutum mai yawo da jarka ya biyo shi har gida, ya tsuguna a soro yana tsiyaya wani ruwa a kwalba marar takarda.

"Na gonar auduga ne, patron, daga arewa. Cokali ɗaya a bokiti, ka yayyafa, ko kunama ba za ta kai gobe ba. Kowa shi yake sawa yanzu."

Ina daga bayan labule na ji warin abin ya buge ni. Na ga babanku yana jujjuya kwalbar, na san gajiya ta kai shi inda zai iya cewa to. Na kira shi ciki.

"Malam, waken nan 'ya'yanka ke ci safe da yamma, da 'ya'yan mutane. Ranar da ruwan can ya shiga ɗakin baya, ni da yara gidan yayana za mu kwana."

"To me kike so in yi? In zauna in kalli ƙwaro ya cinye mu?"

Iya tana kan tabarmarta tana jan carbi, kamar ba ta ji. Sai ta ce, "A garinmu wa ya san wata hoda? Toka da daddoya da barkono ake jerawa a rumbu, wake ya shekara lafiya lau."

"Iya, can ƙasar Katsina ce. Nan ko takalmi ka ajiye kwana uku sai ya yi fumfuna. Ganyen ruɓewa zai yi, ya ruɓar da waken."

Gaskiyarsa ce. Amma ina tsaye idona ya faɗa kan tukunyar mahaifiyata a saman kabad. Ganye yana ruɓa, mansa ba ya ruɓa. Abin da ƙwaro ke gudu a jikin daddoya ai ƙamshin ne, ni kuwa raba ƙamshi da ganye shi ne abin da na fi iyawa a duniya. Na ce a sallami mai jarka, a ba ni mako biyu.

Na samo kwalabe uku, na zuba wake mai ƙwari a kowace. Ta farko na barbaɗa mata hodar magani kaɗan, ƙasa da yadda aka ce a sa, daidai yadda za ta kai mu in za a raba wa dukan ɗakin. Ƙwarin suka yi lamo, washegari rabinsu suka miƙe suka ci gaba da harkarsu. Ta biyu na ɗiga mata man kimba da na daddoya. Suka zube nan take, na yi murna, amma bayan kwana huɗu ƙamshin ya tafi, sababbi suka fito daga cikin ƙwayar. Ta uku na haɗa mata biyun. Na jera su a taga, kullum Ladi tana leƙawa tana ba Iya rahoto. Kwana bakwai, kwana goma, babu abin da ya motsa a kwalba ta uku. Babanku ya ɗaga ta sama yana kallo, ya girgiza, ya sake girgizawa.

"Rakiya, ke da kin yi lakwal, kin san boko, da an shiga uku."

Makonnin da suka biyo baya, in na tuna su, sai in ga kamar a cikin hazo aka yi su. Ruwa yana zuba a kan kwanon rufi, gawayi yana ci, tukunya tana ɗiga. Kimba da kanumfarin da na tara don aikin amare duk suka shiga. Babanku yana bin masu sayar da lemu a bakin gar, tashar jirgin ƙasa, yana roƙon ɓawo, yana dawowa da shi a buhu, mutumin da a da ko ledar cefane ba ya riƙewa a titi. Ganyen sitironel, ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemu da ke bayan gida, muka yanke shi kaf. Tukunya guda cike da ganye, da ƙyar ta ba da cokali ɗaya na mai. Gidan ya ɗauki wani ƙamshi da ban taɓa haɗa irinsa ba, mai yaji, mai sanyi a ƙarshe, har masu wucewa suna leƙowa suna tambaya ko biki za a yi. Gari shiru, babu ƙarar mota, sai ruwa da ɗigar tukunya da muryar Iya tana yi wa Sani wasa. Ban san dalili ba, amma a tsakiyar wannan wahala na yi farin ciki irin wanda ban sake yi ba.

Don man ya zauna, na daka kalaba, farar ƙasar nan da masu ciki ke ci, na tankaɗe, na ɗiga man a ciki, sannan na gauraya da hodar maganin. Ga inda na yi kuskuren, kuma kuskuren mai turare ne, wani ba zai yi shi ba. Kowane kwano na haɗa sai na kai fuska na ja numfashi, in ji ko kimbar ta rinjayi hodar, ko hodar ta yi yawa. Haka aka koya mini, hannuna ma bai san wata hanya ba. Na rufe ƙofa da taga don kada ƙamshin ya tsere. Kuma da yake damshin Duwala yana cinye ƙamshi, duk bayan kwana biyu sai in bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, in kwance baki, in cusa kaina ciki in ji wanda ke neman ƙari. Babanku ya tarar da ni a haka, fuskata fari fat da gari.

"Ki ɗaura ɗankwali a hancinki mana."

"In na rufe hanci da me zan auna? Da kunne?"

"Takardar gwangwanin ta ce kada a shaƙa. Ga shi nan a rubuce, in karanta miki?"

"Wanda ya rubuta ta bai san kimba ba."

Sau uku yana faɗa mini a ranaku dabam-dabam, sau uku ina mayar masa da baƙar magana. Ku rubuta wannan a ranku: ya hana, ni na ƙi. Kaina ya riƙa ciwo, hancina yana zuba, wata rana har da jini. Na ce mura ce ta damina, na sha citta na koma ɗakin baya. Kada kuma wani cikinku ya karanta wannan ya ce zai gwada haɗin a gidansa. Allah ne ya tsare, da wankin da muke yi wa waken ruwa uku kafin ya hau wuta.

Waken ya tsira. Buhunan ukun farko ne kawai muka yi asara. Mun ci, layinmu ya ci, babu yaron da ya kwanta ciwo, da gari ya buɗe kuma masu koki suka yi layi a ƙofarmu don namu ne kaɗai ba shi da huji. Daga nan babanku ya kafu a sana'ar hatsi, da ita aka yi muku karatu duka.

Bayan an buɗe kasuwa da kamar mako biyu, Hajiya Falmata, babbar mai sayen turarena, ta aiko a haɗa wa 'yarta humrar aure. Da la'asar ne, rana ta fito bayan ruwa. Na shimfiɗa tabarma, na jero kwalabena, na buɗe ta sandal na kai hanci. Babu komai. Na ce ta lalace. Na buɗe ta miski, na buɗe ta farce, na buɗe duka har ta ƙarshe, kamar ruwan famfo nake shinshina. Na tashi na je bakin kwata na tsuguna, kwatar New Bell da ke tayar da mutum daga barci, ban ji ta ba. Na dawo na kwance Sani daga bayan Iya, na sa hancina a tsakiyar kansa, wurin nan mai laushi da kowace uwa ta san ƙamshinsa. Na daɗe a haka. Iya ta ce wannan wane irin so ne yau, na ce babu komai, na shiga ɗaki na yi kuka.

Babanku kaɗai na faɗa wa. Ya kai ni lopital a ɓoye, muka ce gaisuwar mara lafiya za mu. Likitan ya leƙa, ya yi tambayoyi, ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, shi ma ba zai rantse a kan abin da ya kashe shi ba.

"Ashia, madame. Sai haƙuri."

Na haɗa humrar Hajiya Falmata da ka, ina tuna yadda hannuna ya saba zubawa. Kwana biyu ta dawo da ita da kanta, da wasu mata biyu da ke jiran nasu aikin. Ta zauna, muka gaisa, ta ajiye kwalbar a gabana a hankali.

"Maman Ladi, wannan ba hannunki ba ne. Ko yarinya kika ba ta haɗa?"

Na ce rashin lafiya ce, su dawo jibi. Da suka fita na ce wa babanku ni dai gara in mutu da a ji a New Bell cewa 'yar mai tukunyar jan ƙarfe ba ta bambance miski da ruwan kwata. Girman kai ne, na sani yanzu, a lokacin ma na sani. Bai yi mini wa'azi ba, bai kuma ce ai na faɗa miki ba, ko da yake yana da hakkin faɗa. Jibin da matan suka dawo, kafin in fito ya riga ni zuwa soro. Ina jin sa, ya ɗaga murya irin yadda bai taɓa yi wa baƙo ba.

"Ku yi haƙuri, Hajiya. Daga yau babu sauran turare a gidan nan. Na hana. Ba na son shige da ficen mata, ni nake ciyar da gidana."

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Malam Sale ya samu kuɗin wake ya fara taƙama, ya kashe wa matarsa sana'ar gadonta. Mata suka riƙa zuwa yi mini jaje, ni kuma ina sunkuyar da kai ina karɓa. Yayana ya zo ya yi masa faɗa. Wanda ya fi ciwo shi ne na Iya. Ta kira shi gabanta, ni ina tsaye.

"Yarinyar nan ta tsamo ka daga rami da tukunyar uwarta, sakayyar ke nan? Ban haifi butulu ba, ban san inda ka samo wannan hali ba."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Iya." Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba don in yi magana ba, don in yi shiru. Na kuwa yi shirun. Iya ta rayu shekara huɗu bayan haka, ba ta sake sakin fuska da shi kamar da ba, ta rasu ba ta sani ba. Wannan shi ne abin da na fi jin nauyinsa, don baki ɗaya zan buɗe in gyara tsakanin uwa da ɗanta, na kasa.

Hancin bai dawo ba. Kuna tuna babanku da yawan sa ido a kicin, kuna ce masa sufeto a bayan idonsa. Ya buɗe tukunya ya ce miyar nan ta kwana, a zubar. Ya karɓi naman da na sayo ya shinshina kafin a wanke. Ya ce a duba yaron nan, ya ɓata wando. Kuna ganin neman laifi ne, kuna tausaya mini. Aikin hancina yake yi, kuma sai ya yi shi da faɗa don kada ku gane. In mu biyu ne, muryarsa dabam ce. Yakan zauna kusa da ni bayan la'asar ya ce iska ta juyo daga kogi, yau koko ake lodi. Ya ce mangwaron gidan Mama Terez ya nuna, har nan ana jin sa. Ran Juma'a in na shafa turaren da ya sayo mini, sai ya matso ya ce ya isa haka, ko ya ce ƙara kaɗan. Bai iya kwatanta ƙamshi ba ko kaɗan, komai a wurinsa daɗi ne ko ba daɗi, ina yi masa dariya ina cewa hancinka na dako ne. Shekara ashirin da wani abu muna haka, bai taɓa ce mini lokaci ya yi da za a faɗa wa yara gaskiya ba.

Bayan rasuwarsa, da aka yi sadakar arba'in baƙi suka watse, na ɗora shinkafa na zauna a bakin ƙofar kicin ina tsince wake, na ba tukunya baya kamar yadda na saba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai ga Ladi ta fito daga ɗaki a guje tana tari, ta sauke tukunyar, gindinta ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya cika tsakar gida.

"Haba Inna! Tun daga ɗaki nake jin ƙauri, ke kina zaune a kansa ba ki ji ba?"

Na ce miki tunani ne ya ɗauke ni, kika rungume ni kika ce in rage tunani. Ba tunani ba ne, Ladi. Jira nake a ce mini shinkafa ta kama, mai faɗa mini kuwa ba ya nan.